Daga Duba-gari Zuwa Awon Dantse: Yadda Aka Yi da Lafiyar Baƙo a Ƙasar Mafara

Hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Sakkwato ta cikin Talata Mafara ta bi, kuma tun kafin a zuba mata kwalta ƙafa ba ta ɗaukewa a kanta. Fatake, makiyaya, almajirai, 'yan cin rani, mahajjatan ƙasa, kowa ya taka ta. A tsarin gargajiya, baƙo ba ya zama a gari sai mai masaukinsa ya sanar da mai unguwa, a san daga inda ya fito da abin da ke tafe da shi. In aka ga ƙurajen agana a jikinsa, akan yi masa bukka a bayan gari, wanda ya taɓa yin cutar ya warke ya riƙa kai masa fura da ruwa. Babu takarda, babu allura, amma an san da zuwansa, kuma akwai wanda nauyinsa ya hau kansa.

Da Turawa suka kafa mulki, sai suka zo da nasu tsarin ta hannun En'e. Duba-gari shi ne fuskar wannan tsari a idon talaka: ya shigo gida, ya leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai da kwata, in ya ga abin da bai yi masa ba a ci mutum tara. Abin da ya biyo baya sananne ne. Mutane suka koyi ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki, domin wanda ya zo dubawa hukunci yake kawowa, ba magani ba.

Binciken lafiya na gaske, mai takarda da hatimi, mahajjata ne suka fara cin karo da shi. Mai niyyar Makka a ƙasa yakan bi ta Borno, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan, wani ya yi shekaru yana ƙwadago a gonakin auduga kafin guzuri ya haɗu. A Sawakin, bakin Bahar Maliya, ake tsare shi a killace, a yi masa lamba da sauran allurai kafin ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Manyan ƙasashen Turai tsoron kwalara suke, kada ta biyo alhazai ta isa biranensu, shi ya sa suka tsananta wannan tsaro. An gina shi ne domin kare waɗanda ke bayan ƙofa. Lafiyar matafiyin kanta a baya ta zo.

Wanda bai bi ta wata ƙofa ba kuwa, babu mai kula da shi. A ranin 1952 zuwa 1953 an zuba malamai a mashigai da hanyoyin Lardin Sakkwato suna ƙidaya masu fita, aka samu kimanin rubu'in miliyan, cikinsu har da mutanen Nijar ta Faransa da ke ratsowa. Baturen da ya yi nazarin alƙaluman, Mansell Prothero, ya ga abin da likitocin zamanin ba su gani ba. A 1954 an fara gagarumin aikin feshin maganin sauro a yankin Birnin Kebbi da niyyar kawar da zazzaɓin cizon sauro, amma cutar ta ƙi yankewa. Sauro ya saba da maganin, wannan ɗaya ne. Na biyu kuma, mutanen da aka yi wa feshi a ɗaki ba a ɗaki suke zaune ba: suna tafiya, suna dawowa da cutar a jininsu, makiyaya kuma ba su da bangon da za a fesa. Prothero ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 1965, yana nuna cewa duk shirin lafiyar da bai lissafa da tafiyar mutane ba, zai tashi a banza.

Masu yaƙi da agana sun fahimci wannan. Daga 1967 suka fito da bindigar allura, suka riƙa tare mutane a kasuwa, a tasha, a mashigin gari, ba su jira kowa ya zo asibiti ba. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Nijeriya.

A watan Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa agana ta kau daga doron ƙasa. Kwanaki kaɗan kafin wannan shela, a ƙarshen Afrilu, 'yan sandan kwantar da tarzoma sun buɗe wuta a kan manoman Bakalori, musamman a Birnin Tudu, a zamanin Gwamnan Sakkwato Shehu Kangiwa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba, wasu masu bincike kuma suka ƙirga 386. Waɗannan manoma su ne 'yan gudun hijirar farko na zamani a wannan yanki, kuma ba ɗan bindiga ne ya tashe su ba, aikin gwamnati ne. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin Bakalori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ruwan da ya taru ya cinye gidaje da fadamun kimanin mutum 13,000 a ƙasar Maradun, aka mayar da su sababbin matsugunai a kan tudu mai tsakuwa, nesa da dausayin da suka gada. Diyya ta yi jinkiri, wasu ma ba ta iso su ba. Da yawa suka tattara suka bar ƙasar.

An auna ƙasa, an auna ruwa, an auna kadadar da za ta ba da shinkafa da alkama a Mafara da Bakura da Maradun. Abin da ruwan zai yi wa jikin mutane bai samu irin wannan kulawa ba. Magudanar ban-ruwa, inda ruwa ke tafiya a hankali cikin ciyawa, gida ce ga katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, ƙwayar ta huda fatarsa, bayan 'yan makonni ya fara fitsarin jini. Ya sake yin fitsari a ruwan, katantanwa ta sake ɗauka. A wasu wurare har ana ɗaukar jinin alamar balaga ce. Sauro kuma, wanda da yakan ja baya da rani, ya samu wurin hayayyafa shekara zagaye. Masu zuwa aikin noman rani daga nesa su kan koma gida da abin da suka kwasa. Maganin tsargiya ƙwaya ce mai sauƙi, amma galibi a makarantun boko ake raba ta, don haka ɗan ƙwadago da almajiri da yaron da iyayensa suka yi hijira sukan wuce ba su samu ba.

Shekarar 1996, wadda aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a cikinta, ta zo da sanƙarau mafi muni da Arewa ta gani: sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Saudiyya ta rufe ƙofa ga alhazan Nijeriya a aikin hajjin shekarar. A Kano kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya haɗa da yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan rauni bai warke ba lokacin da jita-jita ta tashi a kan rigakafin shan-inna a 2003, Kano da Zamfara, a zamanin gwamnan Zamfara Ahmad Sani Yariman Bakura, suka dakatar da ɗigon. Zamfara ta koma a farkon 2004, Kano ta biyo baya a tsakiyar shekarar, amma cutar ta riga ta tsallaka iyaka, daga baya ta kai har Yaman da Indonesiya. Daga nan Saudiyya ta wajabta ɗigon shan-inna a kan duk alhajin Nijeriya, komai furfurarsa, ƙari a kan katin shawara da allurar sanƙarau.

To, a nan ne abin yake da ciwo. Maniyyaci daga Bakura, mai abin hannu, ana duba shi, a yi masa allurai, a ba shi kati, domin wata ƙasa ta ce ba zai shiga ba sai da shi. Maƙwabcinsa da ba zai je ko'ina ba, sai in annoba ta faɗo ake tunawa da shi.

Ta kuwa faɗo. A ƙarshen 2011 an yi wa Zamfara sabuwar allurar MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in sanƙarau na A. Sai nau'in C ya ɓulla a Sakkwato da Kebbi daga 2013, kuma a ƙarshen 2016 ya kunno kai a Zamfara. An yi makonni yara na mutuwa da sanƙararren wuya kafin labari ya isa Abuja yadda ya kamata. Tabbatar da sanƙarau sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji cikin gaggawa, ƙananan asibitocin karkara kuma ba su da kayan yin haka. Allurar da aka fara samowa guda 500,000 ce, a jihar da buƙatarta ta kai miliyoyi. Kafin damina ta kwantar da ƙura, ƙasar ta ƙirga sama da mutum 14,000 da suka kamu, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi ɗaukar kaso. Gwamna Abdul'aziz Yari, ɗan Talata Mafara, ya ce annobar hukuncin Allah ce a kan saɓon mutane, Sarkin Kano na lokacin Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Sai dai Manzon Allah (SAW) ya umarci a nemi magani, ya kuma hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka, kuma wannan umarni a kan masu mulki ya fi nauyi.

A lokacin, 'yan bindiga sun riga sun fara kwashe ƙauyuka. Shekarar 2021 ta haɗa komai wuri ɗaya. A Fabrairu aka sace 'yan mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A farkon Satumba aka kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun, mahaifar gwamnan lokacin Bello Matawalle, kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a jihar, kasuwannin mako kuma a rufe. Duk wannan a tsakiyar kwalarar da ta kama sama da mutum 111,000 a Nijeriya ta kashe sama da 3,600. Malamin asibitin da ya ga mutum biyar da amai da gudawa a dare ɗaya ba shi da layin da zai kira.

Waɗanda suka tsere kashi biyu suka rabu, kuma makomar lafiyarsu ta bambanta gwargwadon inda ƙafarsu ta tsaya. Dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar tun daga 2019. Da zarar sun ƙetare iyaka, dokar duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 sun ba su kariya. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofis a Maraɗi, tana rubuta sunaye, ana duba yara, ana yi musu allurar ƙyanda, aka kuma matsar da wasu nesa da iyaka zuwa Garin Kaka, Cadakori da Ɗan Daji Makau. Nijar tana da dalilin yin hattara: kwalarar da ta addabi Madarunfa a 2018 da marasa lafiyar da suka zo daga Jibiya ta fara. Ba a ce komai ya wadata a can ba, amma an san mutum, an san lambarsa.

Wanda ya tsaya a Mafara ko garin Maradun bai ƙetare iyakar kowa ba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 da ta tanadi haƙƙin masu hijira a cikin ƙasarsu, amma a Zamfara sansanonin hukuma kaɗan ne ƙwarai. Mutane a azuzuwan firamare suke, a kangaye, a zaurukan 'yan uwa, iyali uku a ɗaki ɗaya, rijiya ɗaya, masai ɗaya. A Anka sun daɗe a ginin sabuwar fadar sarki da ba a gama ba. Cunkoso irin wannan shi ƙyanda da tarin fuka da sanƙarau suke so, yaran kuma da yawa ko lamba ba a taɓa yi musu ba, domin masu rigakafi sun daina shiga ƙauyukansu tun shekaru.

Binciken da ya rage musu shi ne na bakin asibiti. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda gubar dalma ta kawo ta Zamfara a 2010, ta faɗaɗa aiki zuwa Shinkafi, Zurmi, Gummi da Talata Mafara. Uwa ta sauko daga babur da yaro a kafaɗa. Malamar asibiti ta ce, "Inna, yaushe ya fara?" Ta naɗa wa dantsensa siririn ma'auni mai kore da rawaya da ja. In ya tsaya a ja, tamowa ta yi tsanani. Ta danna bayan ƙafarsa da yatsa ta ga ko gurbin zai zauna, ta tsaga ɗan yatsa a gwada zazzaɓi, ta buɗe bakinsa, ta duba bayan kunne ko ƙyanda ta fara fesowa. Mai amai da gudawa a ware shi, a kwantar da shi a gado mai rami da bokiti a ƙasa, a ɗaura masa ruwa. Ba a tambayar takarda, ba a cin tara, kuma uwar za ta fita da madarar tamowa a ƙullin zaninta. Shi ya sa matan ke zuwa da ƙafarsu, har su kira maƙwabta, abin da duba-gari bai taɓa samu ba.

Amma wannan ƙofa tana ganin wanda ya iso ne kawai. A 2024, da MSF da ma'aikatar lafiya suka fita auna yara a Shinkafi da Zurmi, sun tarar da yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. A shekarar ce Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'in sanƙarau biyar a tashi ɗaya. Allurar tana nan. Mai unguwa ma yana nan, kuma har yau shi ne ya fi kowa sanin gidan da baƙi suka kwana jiya. Abin da babu a yawancin unguwannin Mafara, Bakura da Maradun shi ne ma'aikacin lafiya mai albashi da babur da akwatin sanyi, wanda zai karɓi sunayen daga hannunsa ya isa gidan kafin mako ya zagayo.