Ganuwoyi Uku a Bakin Tekun Ankara: Wa Suka Tsare?

Daga Old Fadama zuwa Jamestown tafiyar ƙafa ce, amma da yawa daga cikin ɗalibanmu sun fi sanin tarihin ganuwar Kano da ta Katsina fiye da na ganuwoyin da ke bayan gidansu. Guda uku ne a bakin teku: James Fort, Ussher Fort, da Christiansborg wadda muke kira Osu Castle. Kowace da mai ita, kuma masu su ba sa ga maciji da juna.

Turawan Holan ne suka gina ta farko a 1649, suka sa mata suna Crèvecoeur, ita ce Ussher Fort ta yau. Mutanen Danmak suka gina Christiansborg a Osu a 1661, a wurin da 'yan Suwidin suka taɓa kafa rumfar ciniki. Sai kamfanin Ingilishi, Royal African Company, ya gina James Fort a 1673. Tsakanin ta Holan da ta Ingila bai wuce rabin kilomita ba, wato harsashin igwar wannan yana iya faɗawa tsakar gidan wancan.

A lokacin Ankara ba ta da tashar jirgin ruwa. Jirage kan tsaya can nesa da gaɓa, masu kwalekwale 'yan Ga su yi ta fama da igiyar ruwa suna kai kaya suna kawowa. Aikin igwa shi ne ta hana jirgin abokin gaba tsayawa, ta kuma tsare abin da ke cikin sito: zinariya, bindigogi, albarushi, barasa, da mutane. I, mutane. A ƙarƙashin benen da gwamna ke kwana akwai ɗakunan da ake tara bayi kafin jirgi ya zo, kuma cikinsu akwai waɗanda aka gangaro da su daga arewa, hanyar da kasuwar Salaga take kanta. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud, inda ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Dillalai ba su saurara ba, kuma ba dukansu ne Turawa ba. Wannan ma tarihinmu ne.

To, sun tsare garin kuwa? Wani lokaci. Da Akwamu suka rushe Ayawaso, babban birnin Ga, a 1677, jama'a suka gudo bakin teku suka fake ƙarƙashin igwogin nan, daga nan ne unguwannin da ke gindin ganuwoyin suka cika. Amma ita ganuwar ma ba kullum take iya tsare kanta ba.

Labarin da ya fi daɗin ji shi ne na 1693. Wani ɗan kasuwa ɗan Akwamu mai suna Asameni, wanda ya san ciki da wajen Christiansborg, ya zo da jama'arsa wai za su sayi bindigogi. Al'ada ce mai saye ya gwada bindiga kafin ya biya. Ashe sun ɓoye harsasai a jikinsu. Suna shiga suka ɗura, suka juya bakin bindiga kan masu gida. Gwamnan Danmak ya tsira da rauni, ya gudu wajen 'yan Holan. Asameni ya kafa tutar Akwamu a saman bene, ya zauna kusan shekara guda yana ciniki da jiragen Turawa kamar kowane gwamna. A 1694 aka mayar wa Danmak ginin a kan kuɗin zinariya, amma mabuɗan ba su koma ba. Har yau suna Akwamufie cikin kayan sarauta. Bango mai kaurin nan da igwa ba ta fasa ba, ta ƙofa aka ci shi.

Yaƙin Turai ma kan biyo teku ya iske mutanen Ankara. A 1782, lokacin da Ingila ke yaƙi da Holan, Kyaftin Shirley ya kame ganuwoyin Holan ɗaya bayan ɗaya har ya ci Crèvecoeur, aka ragargaza ta. Mutanen Kinka, unguwar da ke gindinta, su suka sha wuyar rigimar da ba a ƙasarsu aka ƙulla ta ba. Bayan sulhu aka mayar wa Holan. Daga baya Ingila ta haɗe duka ukun ba tare da harbi ba: ta sayi kadarorin Danmak a 1850 a kan fam 10,000, sannan ta karɓi Crèvecoeur a 1868 ta hanyar musanya, ta sa mata sunan jami'inta Ussher.

A nan ne bakin igwa ya juya. A 1854 mutanen Osu, La da Teshie suka ƙi biyan harajin kai da Ingilishi suka ɗora. Aka yi musu luguden wuta daga ganuwar da kuma jirgin yaƙi HMS Scourge, Osu ta zama kufai. A ganina wannan shekarar ce ta amsa tambayar da ke kan wannan rubutu.

Ina Hausawa a ciki? Kyaftin John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, da yawansu bayi ne da suka tsere. Ya zo da su nan ƙasar a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, ya kuma ɗebi wasu a Ankara. Daga cikinsu aka gina 'yan sandan soja na Gold Coast a 1879, shekara biyu bayan an ɗauko hedkwata daga Cape Coast zuwa Ankara. Kun ga ke nan, jikokin waɗanda ake kullewa a ƙasan bene sun zama masu gadin ƙofa. Su da fatake da malamai suka raya zangon farko a cikin gari, na Malam Naino mutumin Katsina, kafin ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango, Nima da Maamobi kuma su biyo daga baya.

Da aikin igwa ya ƙare, sai biyu suka koma kurkuku. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950, aka sake shi ranar 12 ga Fabrairu 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe. Christiansborg kuwa ta zama fadar gwamna. Can tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka nufa da takardar kokensu ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararraba kafin su isa. An rufe kurkukun Ussher a 1993, na James Fort a 2008, gwamnati kuma ta bar Osu ta koma Jubilee House a 2013. UNESCO ta sa dukansu cikin kayan tarihi na duniya tun 1979, ko da yake wanda ya bi ta gaban James Fort zai ga gishirin teku yana cin bangon.