Tarihin Karɓar Takardun Hukumomin Gasar Ciniki a Kotu: Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Karɓar takardar hukuma a matsayin hujja ƙa'ida ce wadda alƙali yake bi domin ya amince da abin da masu kula da ciniki suka rubuta, ba tare da an kirawo kowannensu ya rantse a gabansa ba. Mas'ala ce kuwa da ta shafi gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi a Nijar, inda rayuwar talakawa ta rataya a kan kuɗin tiyar gero da wake da gyaɗa.

Tun da can fiƙihu ya taɓo wannan mas'ala. Malamai sun ɗora wa muhtasibi nauyin hana algus da tauye mudu da ihtikari, wato ɓoye abinci har ya yi tsada, alhali a kasuwannin ƙasar Hausa, har da na Tibirin Gobir, sarkin kasuwa ne mai sa ido, kuma da baki ake kai masa ƙara. Game da rubutu kuwa, fuƙaha'un Malikiyya sun tsananta ƙwarai, domin Muhtasar na Halilu ya nuna cewa buga hatimi a wasiƙar alƙali zuwa ga wani alƙali mustahabbi ne, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai adilai biyu sun shaida cewa daga hannun mai ita ta fito.

Da Faransawa suka kafa mulkinsu, sai suka zo da wata al'ada: takardar da jami'i mai rantsuwa ya rubuta a kan laifin da ya gani da idonsa, gaskiya ce a wurin kotu har sai an kawo hujjar da ta rushe ta. Nijar ta gaji wannan bayan 'yancin kai na 1960, sai dai a wancan zamani gwamnati ce da kanta babbar 'yar kasuwa, tun da hukumar SONARA da aka kafa a 1962 ita ta riƙe fitar da gyaɗa, hukumar OPVN kuma ta shiga harkar hatsi daga 1970. Bayan an saki kasuwa ne aka yi dokar farashi da gasa ta 1992, sannan wata ta biyo baya a 2019.

Babban sauyi ya zo daga yarjejeniyar kafa ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka sa wa hannu a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994, wadda sashenta na 88 ya haramta haɗa baki tsakanin kamfanoni da zaluncin mai rinjaye a kasuwa. A shekarar 2000 kotun ƙungiyar da ke Wagadugu ta ba da ra'ayin cewa wannan fanni hurumin ƙungiyar ne ita kaɗai, aka kuma fitar da ƙa'idojinsa ranar 23 ga Mayu 2002. Sashe na 46 na yarjejeniyar shi ne ƙashin bayan al'amarin: idan hukumar ƙungiyar ta yanka wa wani kamfani tara, hukuncin nan abin zartarwa ne a Nijar, kuma wanda gwamnati ta wakilta ya sa masa izinin zartarwa ba ya sake bin diddigin shari'ar, iyakarsa ya tabbatar da ingancin takardar. Alƙalin da ya yi shakka a kan ma'anar dokar yana da damar neman fassara daga Wagadugu. Fitar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan tsari ba, domin tana nan cikin UEMOA.

Hikimar ƙa'idar a fili take ga wanda ya san kasuwar kaka, lokacin da manomi yake sayar da hatsinsa da araha saboda bashi, ya dawo da bazara ya saye shi da tsada. Irin wannan mutum ba shi da halin ɗaukar lauya, balle ya tara shaidu a kan attajiran da suka haɗa kai. Takardar hukuma ce kaɗai za ta yi magana a madadinsa. Saboda haka wajibi ne mai rubuta ta ya zama amintacce, alƙali kuma ya bar wa wanda ake tuhuma ƙofar kawo tasa hujja, domin da waɗannan sharuɗɗa biyu ne hatimi yake zama kariya ga mai rauni.