Yadda ake ƙara tsawon wayar sifika da haɗa na'urorin sinimar gida

Mafi yawan masu sayen na'urar sautin sinima ta gida, wadda 'yan kasuwa ke kira home theatre, sukan gamu da matsala ɗaya tun a ranar farko: wayar sifikokin baya ba ta kai inda ake so a ajiye su. Daga nan sai a tara sifikoki biyar ɗin a jikin talabijin, alhali dalilin sayen na'urar shi ne sauti ya kewaye mai kallo. Ƙara tsawon wayar halal ne a fasahance, amma yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta rataya ne a kan kaurin jan ƙarfen da ke cikin wayar, ba a kan tsadarta ba.

Kowace waya tana turje wa lantarkin da ke bi ta cikinta, kuma turjiyar tana ƙaruwa gwargwadon tsawon wayar da sirantarta. Ana auna ta da ohm, ma'aunin da ake rubutawa a bayan sifika. Ƙa'idar da masu harkar sauti suka daɗe suna bi ita ce kada turjiyar waya ta haura kashi 5 cikin 100 na ta sifikar. Idan ta haura, wani ɓangare na ƙarfin amfilifaya zai ɓace a hanya, sauti ya raunana.

Ga yadda lissafin yake. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5mm, irin ma'aunin da masu sayar da kayan wuta suka sani, za ta iya kai mita 17 ga sifika mai ohm 8, amma mita 8 kacal ga mai ohm 4. Mai 2.5mm tana kai mita 28 ga ta farko, mita 14 ga ta biyu. A nan ne ya kamata a kula, domin na'urorin da ake sayarwa a kwali ɗaya da sifikokinsu galibi masu ohm 3 ko 4 ne, wato su ne suka fi buƙatar waya mai kauri. A kuma auna hanyar da wayar za ta bi a gindin bango da kan ƙofa, ba tazarar da ido ke gani ba. Falo mai mita 5 yakan cinye waya mita 10 cikin sauƙi. Idan ma'aunin Amurka na AWG aka rubuta a jikin wayar, to a baibai yake tafiya: lamba 16 ta fi 14 siranta, 12 kuma ta fi su duka kauri.

Akwai wata waya mai araha da ta cika kasuwa, wadda cikinta alminiyom ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, wani lokaci da alamar CCA a jikinta. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe zalla da fiye da rabi, kuma tana saurin karyewa a wurin haɗi. Gane ta ba wuya: a kankare silin da wuƙa, idan fari ya bayyana, ita ce. Wanda ya sayi wayar wuta mai laushi ta jan ƙarfe ya fi wanda ya sayi wannan dacewa, ko da an zuba mata kwali mai ƙyalli.

Abin da ya fi kyau shi ne a sauya wayar gaba ɗaya da sabuwa mai tsawo. Sai dai wasu na'urorin suna da filogi na musamman masu launi daban-daban, wasu sifikokin kuma wayarsu a manne take. A irin wannan hali, a cire na'urar daga wuta, a yanke tsohuwar wayar ɗan nesa da filogin, a sa sabuwa a tsakani. A feɗe kusan santimita ɗaya, a murɗe silin, a like da dalma, sannan a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Murɗawa da naɗe salatif kaɗai ba ya daɗewa a zafin watan Afrilu. Gam ɗin yakan narke ya saki. Dabara mai amfani ita ce a bambanta wurin haɗin silin biyu da 'yan santimita, domin ko rufin ya zame ba za su taɓa juna ba. Idan suka taɓa, amfilifaya za ta kashe kanta, mai ƙaramar kariya kuwa ƙonewa za ta yi.

Dole ne ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi. Juya su ba ya lalata komai, amma sifika ɗaya za ta riƙa turawa lokacin da 'yar'uwarta ke ja, sai kaurin sauti ya ragu. Idan an rikice, a taɓa bakin wayar da batirin 1.5V na ɗan ƙiftawar ido: idan fatar sifikar ta turo waje, silin da ke kan alamar + shi ne na ja. Wufa mai nata filogin wuta ba ta amfani da wannan waya. Tata mai kan RCA ce mai rufin kariya, kuma ita za a nema mai tsawo, ba a yi mata ƙari ba.

Batun haɗa sauran na'urori ya fi sauƙi. A sa dikodar DStv ko StarTimes da na'urar wasa a talabijin ta HDMI, sannan a ja waya ɗaya daga ramin da aka rubuta wa ARC zuwa takwaransa a na'urar sautin. Wannan tsari ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, sai eARC ya biyo baya a 2017 da ikon ɗaukar sauti mafi nauyi. Sau da yawa ARC ba ya aiki sai an kunna CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Tsohuwar na'ura marar ARC za ta wadatu da wayar haske ta TOSLINK, domin tana ɗaukar Dolby Digital na sifikoki biyar da wufa. Wayar ja da fari kuwa sauti biyu kawai take kawowa. A duba saitin sautin talabijin ma: idan yana kan PCM, yawanci hagu da dama kaɗai za a samu.

Saura wuta. Na'urar da aka shigo da ita daga Amurka tana iya zama ta 120V, wutar Najeriya kuwa 230V ce, don haka a karanta bayanta kafin a jona. A haɗa dukkan na'urorin a kan sitabilaiza ɗaya, a kashe su kafin a juya layi zuwa janareta. Da damina kuma, idan hadari ya taso da tsawa, a zare wayar dish daga dikoda, domin ta nan lantarki ke shigowa ya bi HDMI har cikin amfilifaya.