Ɗakin Karatun Swiss Center a New Glarus

Swiss Center of North America cibiya ce da ke garin New Glarus, a jihar Wisconsin ta Amurka. Ɗakin karatunta yana adana tarihin 'yan Suwizalan da suka yi ƙaura zuwa Arewacin Amurka.

Ba banza aka kafa ta a nan ba. A 1845, talauci da ƙarancin aiki a masaƙu suka tilasta wa wasu mutanen yankin Glarus na ƙasar Suwizalan barin gida. Mutum 108 ne suka fara isowa, suka raɗa wa sabon mazauninsu sunan mahaifarsu.

Yau jikokinsu da masu bincike kan je ɗakin karatun don duba littattafai, da salsalar iyalai, da tsofaffin takardu. Aiki ne mai neman haƙuri, domin yawancin takardun farko da Jamusanci aka rubuta su.