Lissafin wutar lantarki: abin da ya sa "lo karan" ke ƙona injuna a Karaye da Rogo

A garuruwan da ke nesa da manyan tashoshin rarraba lantarki, irin Karaye da Rogo a yammacin jihar Kano, wuta takan zo a raunane. Ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyawa da ƙyar, mai injin niƙa ya kashe injinsa don gudun asara. Jama'a na ce wa wannan "lo karan". Ana iya auna matsalar da lissafi mai sauƙi, kuma lissafin nan shi ne makamin mai son ƙalubalantar takardar kuɗin wuta da aka yi masa da ƙiyasi.

Abubuwa uku ne ginshiƙin lissafin. Manomin rani da ke ban ruwa a gefen dam ɗin Challawa, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Karaye, ya san su a aikace. Ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi tamkar ƙarfin turin lantarki ne, ana auna shi da bolt (V). Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo shi ne kwararar lantarki, ana auna ta da amfiya (I). Ƙuncin tiyon da tsawonsa, waɗanda ke hana ruwa gudu, su ne turjiya, ana auna ta da om (R). Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya wallafa dangantakar da ke tsakaninsu a 1827: V = I × R. Ƙarfin aikin da na'ura ke ci kuwa, wanda ake aunawa da wat, ana samunsa ta hanyar ninka bolt da amfiya: P = V × I.

Ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4.3, wato 1,000 a raba da 230. Turjiyarsa kuma 230 a raba da 4.3, kusan om 53. Idan wutar ta faɗi zuwa bolt 160, turjiyar tana nan yadda take, kwararar ta koma amfiya 3, ƙarfin aikin ya koma kusan wat 480. Turin ya ragu da kashi 30 cikin ɗari, amma zafin dutsen ya ragu da fiye da rabi.

Dutsen guga huce wa kawai yake yi. Injin mai juyawa, irin na firij, na niƙa ko na jan ruwan rijiyar burtsatse, lamarinsa ya fi muni, domin nauyin aikin da aka ɗora masa ba ya raguwa don wuta ta yi rauni. Injin mai wat 750 yana jan kimanin amfiya 3.3 a bolt 230; a bolt 160 sai ya ja kusan 4.7. Zafin da ke taruwa a wayoyin cikinsa ana lissafa shi da I × I × R, saboda haka wannan ƙarin ya isa ya ninka zafin sau biyu, har rufin wayar ya narke. A nan sunan "lo karan" ya kauce wa gaskiya: turin ne ya faɗi, kwararar ƙaruwa ta yi.

Ina bolt ɗin yake tafiya? Wayar da ke kawo wutar ma tana da turjiya, kuma turjiyar na ƙaruwa idan waya ta yi tsawo ko ta yi siranta. Layin da turjiyarsa ta kai om 2, idan aka ja amfiya 20 a kansa, bolt 40 sun salwanta kafin wuta ta isa gidan ƙarshe, wat 800 kuma sun tafi a matsayin zafi. Taransifoma ɗaya da aka cika wa gidaje, ko jan layi da ƙaramar waya mai arha, duk wannan sakamakon suke haifarwa.

Sai batun kuɗi. Yunit ɗaya na wuta shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Gidan da ke da ƙwan fitila 5 masu wat 10, fanka 2 masu wat 70 da talabijin mai wat 60 yana cin wat 250. Idan ana samun wuta awa 8 a rana, yunit 2 ke nan kullum, 60 a wata. A ninka wannan da farashin yunit da ke rubuce a takardar KEDCO, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, sai a kwatanta da abin da aka nema.

Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kasa masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Tun 2020 kuma ta ƙayyade iyakar abin da kamfani zai caji wanda ba shi da mita. Wanda ya ga takardarsa ta zarce lissafinsa zai fara kai ƙorafi a rubuce ga ofishin kamfanin, idan ba a warware ba ya garzaya zauren sauraren koke na hukumar, tare da jerin kayan gidansa da awannin da aka ba shi wuta.