Daga Satiru zuwa Shagari: Abin da Na Gani Game da Yafe Haraji a Lokacin Cin Bashi

Bayan gaisuwa ga malamanmu da suka rage, Allah ya ƙara musu lafiya, da addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ina so in koma kan gardamar nan da ta ɓarke a wajen taronmu na shekara bayan an ci abinci, wadda har aka kira sallar La'asar ba a raba ta ba.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, abin da ya tayar da ita shi ne sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, waɗanda suka ɗauke harajin albashi daga kan duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba. Wasu daga cikinmu suka ce madalla, talaka ya huta. Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi aikin banki, suka ce ƙasar da bashinta ya haura naira tiriliyan 144 a ƙarshen 2024 ba ta da hurumin yafe wa kowa ko kwabo. Ni dai na yi shiru a ranar, domin na tuna cewa mu mutanen hanyar Boɗinga zuwa Shagari mun taɓa ganin wannan abu da idonmu, tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Ƙannenmu da suka shiga makaranta bayan 1980 ba su san haraji irin wanda muke nufi ba. Kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji, ko gonarsa ta yi ko ba ta yi ba. Malamin haraji ya rubuta sunaye, uban ƙasa ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa masu unguwa, sannan a biyo mutane gida gida da zarar an yi kaka. Lokacin kuwa shi ne mafi muni ga manomi, domin kowa na fitar da gero kasuwa a tare, farashi ya faɗi ƙasa, sai ka sayar da dami biyu a kuɗin ɗaya, ka dawo da bazara ka sayi geron nan da tsada. Mahaifina yakan ware ɗan akuya tun da damina, mu yara muna kiransa na haraji, ba ma ko sa masa suna saboda mun san ba zai daɗe ba. Wanda ya kasa biya, na ga an shanya shi a rana a ƙofar fada. Da yawa daga cikin masu tafiya cin rani neman kuɗin haraji ne ke fitar da su. Fulani kuma suna da nasu, wato jangali, wanda ake ƙirgawa bisa kan shanu, shi ya sa da an ji labarin masu ƙirga sai garke ya shige daji.

Ƙin wannan abu ya daɗe a ƙasarmu. A nan Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Cikin abubuwan da Shehu ya lissafa a littafinsa Kitabul Farƙi a matsayin zaluncin sarakunan da ya yaƙa, har da jangali da kuɗin gari. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga bai ɓoye ba, ya shaida wa manyan gari cewa ikon sa haraji ya koma hannunsu. Shekara uku bayan haka aka yi Satiru, wadda ba ta da nisa da Boɗinga. Malaminmu na tarihi, Allah ya jiƙansa, yakan ja kunnenmu cewa kada mu ce haraji kaɗai ya kawo Satiru, domin akwai aƙidar Mahadi, akwai bayin da suka gudo suka fake a garin, akwai kuma Ɗan Makaho da ya zo daga ƙasar da Faransa ke riƙe da ita. Amma dai mutanen garin sun ƙi biyan haraji. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 suka fatattaki rundunar Turawa da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka kashe mutum wajen dubu biyu, aka rushe garin, har yau kufai ne.

To, sai dai akwai ɗaya gefen da mu 'yan boko ba mu cika son faɗi ba. Tun daga wajen 1911 da aka kafa baitulmali a masarautu, wani kaso na harajin nan yana zama a hannun En'e, kuma da shi ake biyan alƙalai da dogarai da malaman elementare da na asibiti, a haƙa rijiyoyi, a gyara hanya. Allon da muka fara koyon baƙi a kai, daga irin ɗan akuyan mahaifina ya fito. Shi kansa Alhaji Shehu Shagari a elementare ta Yabo ya fara, ya wuce Midil ta Sakkwato, dukkansu kuwa makarantun En'e ne. Haraji ne mai tsanani, ana kuma cin amana wajen karɓarsa, amma ana ganin inda wani sashensa yake tafiya.

Ranar 1 ga Oktoba 1979 ɗan garin Shagari ya zama shugaban ƙasa. Ni a lokacin ban daɗe da barin makarantarmu ba, ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye a gefen wannan hanya, cikin waɗanda shirin ilimi kyauta na 1976 ya ɗiba saboda ƙarancin malamai. A cikin kwanakin farko na mulkin farar hula, gwamnonin PRP biyu, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yi shekara da shekaru suna shan ɗauri a kansa. Babu jam'iyyar da za ta yarda a ce ita ce mai shanya talaka a rana alhali maƙwabta sun daina, don haka ba a jima ba sauran jihohin Arewa suka bi sahu, mu ma abin ya iso mu.

Na je gida da murnata na shaida wa mahaifina. Ya yi hamdala, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam ƙarami, in sun bar karɓa, ku da mi za a biya ku?" Na yi dariya, na ce, "Baba, ai yanzu akwai man fetur." Har yau ina jin kunyar wannan amsa.

A wancan lokaci amsar ba ta yi kama da wauta ba. Gangar ɗanyen man Nijeriya ta kai wajen dala 40 a 1980, ana haƙo ganga wajen miliyan biyu kullum, kuɗin ajiyar ƙasa a waje sun kai wajen dala biliyan 10, naira ɗaya kuma ta fi dala ɗaya da rabi. Amma ko a cikin wannan wadata ana cin bashi. Tun 1978 gwamnatin Obasanjo ta ciwo dala biliyan ɗaya daga bankunan waje, gwamnatin Shagari kuma ta ɗora ginin Abuja da kamfanin ƙarafa na Ajakuta da madatsun ruwa, jihohi su ma kowace ta shiga neman nata rancen, ga shinkafa ana ta shigowa da ita jirgi jirgi. A 1981, bayan yajin aikin gama gari, aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 125. A cikin wannan shekara kasuwar mai ta cushe, har man da muke haƙowa ya faɗo ƙasa da ganga miliyan ɗaya a wasu watanni. Cif Awolowo ya yi gargaɗi a tsakiyar shekarar cewa tattalin arziki na shirin kifewa, aka ce siyasa ce. A watan Afrilu na 1982 shugaban ƙasa ya kai wa majalisa dokar tsuke bakin aljihu, wadda kowa ya sani da ostarati. Kafin ƙarshen 1983 kuɗin ajiya sun dawo wajen dala biliyan ɗaya, bashin waje kuma ya kusa ninka abin da yake a 1980.

A nan dole in yi adalci, domin na ji wani abokinmu yana cewa soke haraji ne ya jefa Nijeriya cikin bashi. Ba haka ba ne. Duk harajin Arewa da jangalinta, in aka tara, ba su kai komai ba kusa da kuɗin mai. Kuma ba Alhaji Shehu ne ya soke su ba, shi da ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 1971 zuwa 1975 ya san lissafi sarai. Ɓarnar a ƙasa ta faru. Ƙaramar hukuma da take da ƙafa biyu, kuɗin da take tarawa da kanta da kason da ke zuwa daga Ikko, ta wayi gari da ƙafa ɗaya, ba a kuma ba ta sanda ba. Ba wanda ya zauna ya ce tunda mun ɗauke wa manomi, bari mu nemi abin a wurin ɗan kwangila da mai gidajen haya da mai lasisin shigo da kaya. Da kason Ikko ya ƙafe, sai jihohi da dama suka kasa biyan malaman firamare. Ni kaina na yi watanni ban ga albashi ba, har na koma gida ina cin geron mahaifina, wanda bai taɓa tuna mini da tambayarsa ba, Allah ya saka masa da Aljanna. Abokan aikina biyu suka bar alli suka koma kasuwa. Yaran da aka yafe wa iyayensu haraji suka zauna a aji ba malami.

Masu cewa ai Amurka ma ta yi, gaskiya ne. A 1981 ɗin nan Shugaba Reagan ya zabtare haraji, da hujjar cewa kasuwanci zai bunƙasa har ya cike giɓin. Shekara na zagayowa ya sa hannu a dokar da ta dawo da wani sashe na harajin, kuma kafin ya sauka a 1989 bashin Amurka ya kusa ninkawa uku. Bambancinmu da su shi ne, su da kuɗinsu suke cin bashi, mu kuwa da dala muke ci, abin da ba mu da injin buga shi. Kuɗin ruwan da ya hau a can a farkon shekarun 1980 a kanmu ya sauka, mu da irin su Meziko, wadda ta fito fili a 1982 ta ce ta kasa biya.

Sauran labarin kun san shi. Soja suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983, kuma a 1984 gwamnonin soja a jihohin Arewa da dama suka dawo da haraji, wani wuri da sunansa, wani wuri da sunan kuɗin raya ƙasa ko kuɗin ilimi. Hutun bai cika shekara biyar ba. Sai kuma SAP ta Babangida a 1986, aka karya darajar naira, dala ta koma wajen naira huɗu cikin 'yan watanni. Wannan ma haraji ne a ganina, sai dai ba ya zuwa da malami ko rasit, a wurin mai sayar da taki da mai kemis ake biyansa. Bashin kuwa ya yi ta haihuwa har 2005, lokacin da Kulob ɗin Paris ya yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya fiye da biliyan 12 don ta fita. Yaron da aka haifa a shekarar da na yi wa mahaifina dariya, sai da ya shekara 26 kafin a rufe wannan littafi, ba a jima ba kuma aka buɗe wani. A 2022, bisa lissafin Bankin Duniya, biyan bashi ya cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Da na yi magana a wajen taro, da na ce ina tare da ɗauke haraji daga kan mai naira dubu 800 a shekara, kamar yadda har gobe nake ganin Rimi da Balarabe sun yi daidai. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, abin da za a samu a jikinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya riga ya biya nasa a gidan mai tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Amma ina tare da 'yan bankinmu a kan tambayar mahaifina. Sabuwar dokar ta kai harajin manyan masu samu zuwa kashi 25 cikin 100, ta bar harajin kayayyaki na VAT a kashi 7.5. Idan an bi manyan nan an karɓa da gaske, to an sauya wa kaya kafaɗa ne, kuma hakan ya yi. Idan kuwa an yafe wa na ƙasa don a samu tafi, aka ji nauyin na sama, aka cike giɓin da rance, to 1979 ce za a maimaita. Yafe wa mai hali haraji da kuɗin aro kuwa, ban ga hujjarsa ba ko kaɗan.

Akwai kuma abin da ya ɓace wanda ba a lissafa shi da naira. Lokacin da mahaifina yake biyan haraji, na sha jin shi da tsaransa suna tsare hakimi da tambayar inda aka kwana a kan rijiyar da aka yi musu alkawari, suna cewa ai da kuɗinsu ne. Bayan 1980 ban ƙara jin wannan magana ba, sai dai a ce gwamnati ta taimaka. Da ya rasu muka buɗe akwatinsa, muka tarar da rasit ɗin harajinsa a ɗaure da zare, na zamanin fam da sule a ƙasa, na naira a sama. Na ƙirga su, babu na shekara huɗu a tsakiya, daga nan suka ci gaba. Suna nan a wurina, zan zo da su taro mai zuwa in Allah ya kai mu, don ƙannenmu su gani.