Gambo Sawaba: Matar da Ta San Kurkuku Daga Ciki

Idan ana tarihin masu nazarin laifi da hukunci, akan ambaci Margery Fry ta Ingila. Ita ce sakatariyar ƙungiyar gyaran gidajen yari ta Howard League tun kafuwarta a 1921, kuma tana cikin matan farko da aka naɗa majistare a ƙasarta. Ta yi ta kira a riƙa biyan wanda aka zalunta diyya, har Birtaniya ta soma hakan a 1964, shekara shida bayan rasuwarta.

Ni kuwa a ganina, mu ma muna da tamu, sai dai ita ba a jami'a ta karanci kurkuku ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, an yi mata aure tana 'yar shekara 13. Tana da 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano, ta zama shugabar mata. Ta yaƙi auren wuri, da aikin tilas, da harajin zalunci, da hana matan Arewa ƙuri'a. Sakamakon da ta samu shi ne duka, da kora daga Kano, da ɗauri har sau 16.

Abin lura a nan, me ta aikata? Ba ta yi sata ba, ba ta kashe kowa ba. Taron mata ta kira, ta yi magana a bainar jama'a. Rayuwarta ta nuna cewa wani lokaci mai mulki ne ke yanke abin da za a kira laifi. A zaɓen 1979 matan Arewa suka yi layi suka jefa ƙuri'a, wato abin da aka ɗaure ta a kansa ya zama doka. Ta rasu a 2001, kuma yau babban asibiti a Zariya yana ɗauke da sunanta.

Mu da ke Briqueterie a Yaoundé, kurkukun Kondengui ba shi da nisa da mu. Ya cika ya batse, kuma da yawa daga cikin mazaunansa jiran shari'a suke yi. Kafin mu kira ɗan maƙwabci ɓarawo don kawai yana can, mu fara tambaya: alƙali ya saurare shi kuwa?